Ki cire haƙorin, ki ci gaba da ba jaririnki nono

'Yata, na ga saƙonki. Sannu da fama, ya jaririn? Kin ce haƙori ya hana ki barci, likita ya ce sai an cire shi, manya kuma sun ce tun can da mai shayarwa ba ta shan magani, in kuwa ya zama dole to ta ɗauke yaro daga nono na kwanaki, ta riƙa matsewa tana zubarwa. Kina so ki ji ko ki bi wannan.

Kada ki raina masu faɗin haka. Lokacin da suka taso babu mai iya auna abin da ke shiga nono. Uwa za ta sha wani abu, washegari yaro ya yi gudawa ko ya kwanta barci mai nauyi, sai a ce maganin ne, daga nan aka hana duka. Tsoronsu yana da dalili. Amma yanzu an auna, kuma an gano yawancin magunguna kaɗan ne ƙwarai ke ratsawa zuwa nono. Likitoci suna da ma'auninsu: in abin da jariri zai samu, gwargwadon nauyinsa, bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da uwa ta sha ba, galibi ba a damuwa. Mafi yawan magungunan yau da kullum ba sa ko kusantar wannan.

To, haƙorinki. Allurar kashe zafi da za a yi miki a dasashi, lidocaine ko makamanciyarta, ba ta hana shayarwa. Kina dawowa gida ki ba yaron nono. Paracetamol da ibuprofen duk an yarda da su ga mai shayarwa. In an rubuta miki amoxicillin ki shanye shi har ƙarshe, abin da za ki iya gani bai wuce kashin yaro ya ɗan yi ruwa ba. Aspirin dai ki bar shi, sai in likita ne ya ɗora ki a kai saboda wata larura.

Inda nake so ki buɗe kunne shi ne codeine da tramadol. Hantar mutum ce ke juya codeine ya koma morphine, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi da ke sa barci, kuma akwai matan da jikinsu ke yin wannan juyi da sauri fiye da kima, ba tare da su kansu sun sani ba. Morphine ɗin sai ya taru a nono, jariri ya yi ta barci, ya kasa tsotso, numfashinsa ya yi rauni. A 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu shayarwa su guji waɗannan biyun. Matsalar kuma codeine yakan ɓuya a cikin wasu magungunan tari na ruwa da wasu ƙwayoyin ciwon jiki da aka haɗa da paracetamol, don haka ki karanta kwalin kafin ki kai baki. In kin taɓa ganin yaro ya yi laushi, an tashe shi ya ƙi tashi, ko leɓensa ya canza launi, kada ki jira gari ya waye, asibiti za ki.

Kin kuma yi maganar 'yar'uwarki mai shayarwa da za a yi wa tiyata. Ita ma haka. Maganin barcin tiyata yana barin jini da sauri, shi ya sa ma mutum yake farkawa. Ƙungiyar likitocin sa barci ta Birtaniya ta fitar da ƙa'ida a 2020 cewa da zarar uwa ta farfaɗo, ta dawo hayyacinta, za ta iya shayarwa, ba sai ta zubar da komai ba. Sai dai a daren farko wani ya kwana kusa da ita, kada barci ya ɗauke ta da yaro a ƙirji. Hoton ƙashi, sikanin, CT da MRI babu abin da suke bari a nono. Ruwan da ake ɗura wa mutum a jijiya don hoton ya fito sosai ma, ƙasa da kashi 1 cikin 100 ne ke kaiwa nono.

Akwai kuma inda maganar manya ta yi daidai. Mai shan maganin ciwon daji ba ta shayarwa. Wadda za a ba iodine mai tururin nukiliya don ciwon maƙoƙo ta gama shayar da wannan yaron ke nan, sai haihuwa ta gaba. Wasu gwaje-gwajen nukiliya suna sa a dakata na wasu sa'o'i, likita zai faɗi nawa. Lithium, na wata larurar ƙwaƙwalwa, da amiodarone, na bugun zuciya, sai da sa idon likita. Septrin ba a so idan jaririn sabon haihuwa ne mai shawara, ko bakwaini. Ƙaramin jariri hantarsa da ƙodarsa ba su yi ƙwari ba, abin da ɗan wata 8 zai fitar cikin sauƙi, a jikin ɗan sati 2 taruwa yake yi.

Wasu magungunan kuma ba yaron suke taɓawa ba, nonon suke ƙafar da shi. Maganin mura mai pseudoephedrine yana cikinsu, haka ƙwayar tazarar haihuwa mai estrogen, musamman a makonni 6 na farko. Mai progestin zalla ta fi dacewa da mai shayarwa. Wani abin da ke ba ni mamaki, wanda zai hana ki paracetamol shi ne zai miƙo miki saiwa ko garin da babu wanda ya san ƙarfinsa. Wannan ma magani ne, kuma yana ratsawa kamar kowane.

Abin da ba a cika faɗa miki ba shi ne ɗauke yaron ma yana da illarsa. Nono kamar rijiya yake, in aka daina ɗiba sai ya ja baya. Cikin kwanakin da kika hana shi, mama zai cika ya yi tauri, yana iya kumbura ya kawo zazzaɓi, yaron kuma yana iya sabawa da kwalba ya ƙi karɓarki. Ɗan wata 3 irin naki har yanzu nono zalla ake so ya sha zuwa wata 6. Shi kansa haƙorin in kika bar shi ya yi ƙurji, magani mai ƙarfi fiye da wannan za ki buƙata.

Idan kin shiga wurin likita, kafin ya ɗauki biro ki gaya masa kina shayarwa, ki faɗi watannin yaron, da ko an haife shi kafin lokaci. In ya ce ki dakata da nono, ki tambaye shi ko akwai wani maganin da zai yi aikin ba tare da dakatawa ba, sau da yawa akwai. Ƙwayar da ake sha sau ɗaya a rana, ki sha ta da zarar ya gama tsotso, gab da dogon barcinsa. Manyanki kuma ki yi musu bayani a hankali, ki ce likita ya duba ya zaɓi wanda ba ya cutar da yaro. Ki gaida maigidan, ki sanar da ni ranar da aka sa miki.