Mai son koyon gina sabar da API: me zai saya, me zai bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Na tara naira dubu 300 ina son in koyi aikin bayan fage na manhaja, wato gina sabar (kwamfutar da ke amsa buƙatun manhaja) da API. Abokina ya ce in ba MacBook ba, wato laftof ɗin kamfanin Apple, ɓata lokaci ne. Kuɗina ba su kai ba. Mi ya kamata in yi? (Ɗalibi daga Runjin Sambo)

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka ya ɗora maka kayan da ba naka ba. Wannan aiki rubutu ne zalla: waya ta aiko tambaya, sabar ta duba rumbun bayanai, ta mayar da amsa. API kuwa ita ce tagar da ake miƙa tambayar a karɓi amsar. Babu abin da ke buƙatar kwamfuta mai tsada a nan.

Ka nemi laftof ta hannu irin ta ofis: ThinkPad, Dell Latitude ko HP EliteBook, mai Core i5, RAM (ƙwaƙwalwar aiki) 8GB, da SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri). Kada ka yarda da mai tsohon faifai mai juyawa ko da an yi maka ragi, za ta riƙa jan ƙafa har ka tsani karatun.

Amma abin da na fi damuwa da shi baturi ne. Ka san halin wutarmu, ka kuma san Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce maki 40. Kafin ka miƙa kuɗi, ka sa mai shago ya cire caja. Buɗe wurin rubuta umarni na Windows ka rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna maka ƙarfin baturin yana sabo da abin da ya rage masa yanzu. In ya zube kusan rabi, ko a rage kuɗi ko ka yi gaba. Ka kuma ɗora tafin hannu a ƙasanta bayan ta yi minti ashirin a kunne. Na taɓa sayen wata da ido kawai, tun kafin azahar take ɗaukar zafi ta mutu, sai bayan la'asar nake samun yin aiki. Canjin da ya rage ka ajiye shi don data.

Tambaya: Malam, wata makarantar intanet na neman in biya kuɗin kwas na wata shida, wai za a koya mini Python, Node.js, PHP da Java. Kuma an ce sai na yi hayar sabar tun yanzu. In biya? (Wata 'yar'uwa daga Mabera)

Amsa: 'Yar'uwa, ki riƙe kuɗinki tukuna. Harshen rubuta manhaja huɗu a wata shida, taura biyu ma ba ta taunuwa. Zaɓi ɗaya. Ni Python zan ce, don rubutunsa na da saukin karantawa, kuma Django, kayan gina sabar da Python wanda ke nan tun 2005, yana zuwa da shafin gudanarwa da tsarin shigar masu amfani a shirye. Idan kin riga kin iya JavaScript, Node.js da Express, kayan gina sabar da shi, sun fi miki kusa. Ki haɗa da SQL, harshen magana da rumbun bayanai, wannan kam ba makawa.

Darasin CS50 na Jami'ar Harvard kyauta ne, haka freeCodeCamp. Ki yi wata biyu a kansu. Idan kin ga kina buƙatar mai tsaya miki, sannan ki nemi makaranta, ki ce su nuna miki aikin da ɗalibansu suka gina yana aiki, ba hoton takardar shaida ba.

Hayar sabar kuwa ba yanzu ba. Kwamfutarki ita ce sabarki ta farko, ƙaramin rumbun bayanai mai suna SQLite na cikin Python, manhajar Postman kuma za ta gwada miki API. Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, ma na ba da makullin gwaji da za ki koyi karɓar kuɗi ba tare da kobo ya motsa ba.

Ga aikin da zan ba ki. Ki sami mai sayar da albasa ko mai shagon tireda a unguwarku da ke rubuta bashi a littafi. Gina masa API mai rubuta wanda ya karɓi kaya, nawa ya biya, nawa ya rage. Ran da mutum biyu masu suna Bello suka rikita miki lissafi, za ki gane dalilin ba kowane abokin ciniki lambarsa. Ki ɗora aikin a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ki turo mini in duba.