Tambaya da Amsa: Yaren Matar Ƙanena

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanena ya auri wata 'yar Gure, can wajen Saminaka, suna zaune kusa da mu. Mace ce mai ladabi, amma Hausarta ta kama 'ya'yan. Babbar 'yar tana cewa "karfe" da "sunsu", yara suna yi mata dariya a Islamiyya. Ga shi uwar kullum yarensu take yi musu a gida. Dangi sun ce tunda ni ce babba, in hana ta. Mece ce shawararka?
Daga wata gwaggo, Tudun Wada, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Don Allah kada ki hana ta.

Bari in fara da mu Zazzagawa. Duk ɗanmu da ya yi karatu a Kano ya sha tsiya a kan "matana" da "rigana", domin Kananci yana raba namiji da mace, mu kuwa sau da yawa haɗe su muke yi. Basakkwace ma "hwaɗi" yake cewa. A kan Kananci aka ɗora Hausar rubutu, ko da yake a nan Zariya aka yi ta buga ta tun fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Wannan bai fitar da mu daga Hausa ba.

Ita matar ƙaninki, Hausa harshenta na biyu ne. Yaren Gure ɗan'uwan na Kahugu da Kurama ne, kuma asalinsu daban da na Hausa. Ƙ da ts irin namu ba kasafai ake samunsu a harsunan mutanen duwatsun wajen Saminaka ba, kuma ba sa raba kalmomi zuwa namiji da mace. Shi ya sa za ki ji ta ce "Ladi ya zo". Ba rashin kai ba ne, harshen uwa ne yake leƙowa.

Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa ba, amma gaskiya ce. Cikin dalilan da suka riƙe kakanninta a kan duwatsu har da hare-haren neman bayi daga ƙasar Hausa, da Zazzau a ciki, musamman a ƙarni na 19. A can suka yi ta noman acca a ƙananan gonaki tsakanin duwatsu, suka tsare yarensu da waƙoƙinsu. Sai bayan zuwan Turawa aka riƙa saukowa fili, Hausa ta shige su ta kasuwa da makaranta da coci. Yanzu matasansu da yawa suna jin yaren amma ba sa iya mayarwa. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai. Abin da aka tsare da wahala haka, ba zan so a ce a gidanmu na Zariya ya mutu ba, saboda dariyar yara kawai. In yaren ya tafi, gaisuwar kaka da tatsuniyoyinta da sunayen itatuwan magani duk sun tafi.

Batun yarinyar mai sauƙi ne. A Zariya take girma, bakinta zai daidaita da na ƙawayenta, kuma yaro yana ɗaukar harshe biyu ba tare da ɗaya ya cuci ɗaya ba. In kina son ki taimaka, ki riƙa zaunar da ita bayan la'asar kuna wasan "da ƙato da kwaɗo suka tafi neman ƙoto", ki sa ta karanta miki littafin Hausa da ƙarfi. Malamin Islamiyyar kuma ki je ki same shi da kanki ya tsawata wa masu dariyar.

Dangi kuwa ki ce musu kin bincika, babu laifin da uwar ta yi. In hutu ya zo, ki sa baki ƙaninki ya kai yaran Gure su kwana biyu wurin kakarsu.