Ina likitan yara zai ƙware a kan motsin hanji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni likita ce, ina tsakiyar horon ƙwarewa a sashen yara a nan Kano. Muna yawan ganin yara masu taurin bayan gida da kumburin ciki, a yi hoto ba a ga abin da ya toshe ba. Na ji ana yin horo na musamman a kan motsin hanjin yara. Me ake koyo, shekara nawa ne, kuma zai yi mini amfani in na dawo gida?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Horon yana nan, amma shi ne matakin ƙarshe, kuma ba a tsallake na ƙasa a hau shi. Sai kin kammala ƙwarewar likitancin yara tukuna, ta Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, abin da kan ci shekara huɗu zuwa shida. Daga nan sai fannin ciki, hanta da abincin yara. A Amurka wannan kaɗai shekara uku ne, sannan mai son motsin hanji ya ƙara shekara guda a cibiyar da ta shahara da shi, irin asibitin yara na Nationwide da ke Kolumbus a jihar Ohayo, ko na Bostan. A Landan ma asibitin yara na Great Ormond Street na da sashe na wannan aiki.

Abin da ake koyo ya samo asali ne daga yadda Allah ya yi hanji. A bangonsa akwai ƙwayoyin jijiya fiye da miliyan 100, su ke tsara matsawa da saki har abinci ya tafi daga maƙogwaro zuwa dubura. In jijiyar ta samu matsala, ko naman da take ba umarni, hanya a buɗe take amma kaya ba sa tafiya. Shi ya sa hotonku ba ya nuna komai. Abin da ke nunawa shi ne manometiri: siririn bututu mai ɗauke da na'urorin auna matsi, a zura shi, kwamfuta ta zana yadda kowane sashe ke matsawa.

Zura bututun ba shi ne wahalar ba, cikin 'yan makonni hannu ya saba. Karatun zanen ke cin shekarar. A gwajin dubura ana hura ƙaramin balan-balan a ciki. A lafiyayyen yaro zoben naman ciki zai saki da kansa, in bai saki ba sai a yi zargin cutar Hirschsprung, wato a haifi yaro babu ƙwayoyin jijiya a ƙarshen hanjinsa. Na babban hanji ya fi tsawo: a sa bututun yaro na cikin barcin magani, a yi sa'o'i ana kallo da yunwa, a ba shi abinci a kalla, a zuba maganin motsa hanji bisakodil a ga ko matsawa mai ƙarfi za ta taso daga sama ta kai ƙasa. A kan wannan zanen ake yanke shawarar ko a cire wani yanki na hanjin yaro ko a bar masa abinsa. Ga kuka, ga tari, ga yunƙuri, duk suna fitowa a zanen kamar motsin hanji ne. Wanda bai karanta ɗaruruwa a gaban malami ba, zai sa a yanka yaron da bai kamata a taɓa ba. Ana kuma koyon gwajin maƙogwaro, da auna dawowar abinci na sa'a 24 ga mai yawan tumbuɗi, da kula da yaran da hanjinsu ya tsaya cak sai ta jijiyar jini ake ciyar da su.

Batun amfani a gida kuwa, gaskiya zan faɗa miki. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara masu taurin bayan gida jijiyarsu lafiya lau. Yaro ya taɓa jin zafi, ya fara riƙewa, kashi ya ƙara tauri, zafi ya ƙaru. Ƙa'idojin Rome IV na 2016, waɗanda masana suka tsara don gane irin wannan matsala ta alamominta, sun isa a gane wannan da tambaya da dubawa kawai. Maganinsa a fitar da abin da ya taru, a ci gaba da mai laushi irin laktulos na watanni, a zaunar da yaro a fo bayan cin abinci. Aikin a nan shi ne shawo kan uwa da kaka, waɗanda kafin su zo an ce musu basir ne ko ɗankanoma, an sha jiƙe-jiƙe, kuma da yaro ya yi kashi sau biyu za su ajiye magani.

Ita Hirschsprung tana samun kusan jariri ɗaya cikin 5,000, maza sun ninka mata wajen sau huɗu. Tambayar da ke kama ta kyauta ce: yaushe ya yi baƙin kashin farko? In ya wuce sa'a 48, ga ciki ya kumbura, ga koren amai, kada a jira. Kuma ko a inda na'ura ta cika ɗaki, ɗan guntun naman dubura da aka duba a madubin likita shi ke tabbatar da ita. Wannan yana buƙatar likitan tiyatar yara da masanin duba nama, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na da fannonin biyu.

Don haka a ganina ki fara neman cikakken horon ciki da hanta, domin likitan da ya dawo Kano zai tarar da tamowa, da ciwon hanta, da yaran da suka sha sinadarin haɗa sabulu maƙogwaronsu ya tsuke, suna jiransa tun kafin mai buƙatar manometiri. Shirin horar da likitocin yara na Afirka da ke Jami'ar Cape Town, a asibitin yara na Red Cross, an kafa shi ne don likita ya koya ya koma ƙasarsa. Amurka kuwa sai kin ci jarrabawar USMLE ta samun lasisin aikin likita kafin a bar ki ki taɓa majinyaci. Bayan haka sai ki nemi zama na wasu watanni a sashen motsin hanji, ki fi ba da ƙarfi a gwajin dubura da na maƙogwaro, su ne za a iya tsayarwa a nan da na'ura ɗaya da nas guda da ta koyi aikin.

Kafin ki amsa kowace gayyata, ki rubuta musu ki tambaya: za ki yi gwajin da hannunki ne ko kallo kawai, zane nawa za ki karanta, kuma za su yarda ki riƙa turo musu naki daga Kano suna duba miki bayan kin dawo?