Amsa: Wane aiki zan ba Mama mai cutar mantuwa?

'Yar'uwa, kin ce Mama tana wuni a zaune jugum, da yamma kuma ta hau zirga-zirga tana cewa za ta tafi gida, kina neman abin da zai ɗauke mata hankali. Ki ba ta aikin da hannunta ya saba da shi tun tana da ƙarfinta. In mai girki ce, ki ajiye mata tire ta tsince shinkafa ko ta ɓare gyaɗa. In ɗinki ta yi, ki ba ta zannuwa ta ninke, ko da za ki warware su daga baya. Ki kunna mata surorin da ta haddace tun tana makarantar allo, za ki ga leɓenta yana bi. Cutar takan fara cinye abin da ya faru jiya da ɗazu, amma abin da jiki ya saba da shi yakan daɗe bai tafi ba.

Abin da na gani wajen jinyar kakarmu shi ne lokaci ya fi aikin muhimmanci. Da hantsi tana karɓa, bayan la'asar kuwa sai faɗa. Minti 15 ya isa, in ta ture ki ƙyale ta. Kada ki gyara mata kuskure, kuma don Allah a daina tambayarta “kin gane ni?”, kunyata ta kawai ake yi. Wuƙa da wuta ban da su, in tana kai abu baki a janye gyaɗar. In ruɗewar ta ƙaru farat ɗaya, ku kai ta asibiti, don ciwon fitsari ko zazzaɓi kan jawo haka.