In ajiye kambas in koma takalmin taya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gudun safe, kuma cikin wata biyu na tashi daga kilomita 5 zuwa 15 don ina so in shiga gasar gudun fanfalaki. Yanzu gwiwata ta dama ta fara ciwo. Na ji labarin mutanen Tarahumara na ƙasar Meziko, wai da takalmin taya suke gudun nesa kuma ba sa jin rauni. Shin in sayi irin nasu, ko siririn takalmin nan mai yatsu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna.

Gudun nasu gaskiya ne. Suna kiran kansu Raramuri, suna zaune a cikin kwazazzabai masu zurfi na jihar Chiwawa. Takalminsu tsohuwar taya ce da aka yanka daidai ƙafa, aka zura igiyar fata ta tsakanin yatsu aka naɗe a idon sawu. A 1993 Victoriano Churro, yana sama da shekara 50, ya lashe tseren mil 100 na Leadville a Amurka. A 2017 kuma Lorena Ramírez ta zo ta ɗaya a rukunin mata a tseren kilomita 50 a jihar Puebla ta Meziko, da siket ɗinta da takalmin sandal.

Sai dai ƙafar ce abin dubawa. Tun suna yara suke hawa da sauka a kan duwatsu, wajen kiwon awaki da zuwa gona. Suna da wani wasa, rarajipari, inda maza ke rabuwa gida biyu suna cilla ƙwallon katako da ƙafa suna bin ta, wani lokaci har dare ya yi a kunna wuta a ci gaba. Shekaru ne suka gina wannan tafin ƙafar, kamar dai ƙafar makiyayin da ya tashi yana bin shanu. Kuma su ma mutane ne, suna jin rauni.

Siririn takalmi yana sa mutum ya riƙa dira a kan gaban ƙafa. Wannan kan rage wa gwiwa nauyi, amma nauyin yana komawa kan agara da ƙananan ƙasusuwan ƙafa, har ƙashi ya iya tsagewa in aka yi gaggawa. A 2014 kamfanin Vibram, mai yin takalmin yatsun, ya amince ya biya dala miliyan 3.75 don sasanta ƙarar da aka shigar kan iƙirarinsa na amfanin takalmin ga lafiya.

A ganina, ninka gudunka sau uku cikin wata biyu shi ya taɓa gwiwar. Ka huta har zafin ya lafa, ka koma kusa da inda ka fara, sannan ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kowane mako. Ka rage faɗin taku, ka bi turɓaya maimakon kwalta inda hali ya yi. In gwiwar ta kumbura ko tana hana ka hawa bene, je asibiti a duba, kada ka rufe ciwon da ƙwaya ka ci gaba da gudu.

In kambas ɗinka ya cinye ta gefe ɗaya, sauya shi. Ka gwada sabon da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar sararin faɗin babban yatsan hannu a gaba. In na gwanjo ne, lanƙwasa shi ka duba ko soson ƙasan ya mutu. Siririn kuwa, in har ranka na so, bari gwiwar ta warke, sannan ka fara da tafiya ta minti goma a cikinsa kafin gudu.