Ƙwan LED a wutar fakin ta gaban mota: amsoshin tambayoyinku

Tambayoyin wannan makon duk a kan abu ɗaya suka taru, wato ƙaramin ƙwan nan na gaban mota da ke kamawa idan aka murɗa makunnin fitila sau ɗaya, kafin babbar wuta ta zo. Direbobi da masu wayarin suna kiransa ƙwan fakin.

Wani mai Peugeot 406 daga Zariya ya rubuto: "Ƙwan fakin na gefen direba ya ƙone. Na je saya, mai shago ya ce in rabu da na gilashi in sa LED, ya fi haske kuma ba ya mutuwa. Ya fi tsada nesa ba kusa ba. Wanne zan ɗauka?"

Malam, kafin ka koma shagon, ciro ƙwan da ya ƙone ka sa shi a aljihu. A jikin gilashin ko a gindinsa akwai rubutu ƙanana, kuma da wannan rubutun ake sayayya, ba da sunan mota ba. A irin motarka za ka ga W5W, da 12V 5W. Ƙwai ne ɗan ƙarami mai gindin gilashi a daɓe, da wayoyi biyu sirara a lanƙwashe a gefe, ana cusa shi ne kawai cikin soket ba a murɗawa. A kwalin LED sunansa T10. A Ingila ana ce masa 501, a Amurka kuma 194 da 168 duk gindinsu ɗaya da shi. Wasu tsofaffin motocin Turai suna amfani da T4W, mai gindin ƙarfe da ƙusoshi biyu, wanda ake dannawa a murɗa. LED ɗinsa ana rubuta masa BA9s. Ba sa shiga soket ɗin juna.

Maganar cewa LED ba ya mutuwa, wannan ta ɗan kasuwa ce. Mai kyau yana daɗewa ƙwarai, ya fi na gilashi jure girgizar hanya domin ba shi da zaren da zai tsinke. Mai arha kuwa sau da yawa na gilashi yana binne shi.

Batun haske shi ne inda mutane suka fi yin kuskure. Wutar fakin ba a yi ta don ka ga hanya ba. An yi ta ne don a gan ka, a san faɗin motarka, idan ka tsaya a bakin titi da dare ko kana tafiya da almuru. Ƙwan W5W na gilashi yana ba da haske kusan lumen 50 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske), kuma wannan ya wadatar da aikin. LED mai lumen 50 zuwa 100 shi ne daidai. Idan ka ga kwali ya yi alƙawarin lumen ɗari biyar ko dubu a ƙwai mai girman kan ɗan yatsa, ɗayan biyu ne: ko ƙarya aka buga, ko kuma ƙwan zai riƙa ɗaukar zafin da jikinsa ba zai iya fitarwa ba.

Ga abin da za ka duba a hannun mai shago. Ajiye tsohon ƙwan kusa da sabon. Idan sabon ya fi shi tsawo ko kauri sosai, bar shi, domin ramin da soket ke shiga a bayan fitila ƙarami ne. Nemi wanda haskensa ke fita ta gefe da gefe har da gaba, ko mai farar hula da ke baza haske, saboda madubin cikin fitilar an ƙera shi ne don ƙwan da ke haskawa ta ko'ina. Mai haske ta goshi kaɗai zai ba ka ɗigon wuta ɗaya a tsakiya, sauran fitilar a duhu. Sannan ka karanta ƙarfin wutar da aka rubuta. Wanda aka ce yana aiki tsakanin volt 9 zuwa 16, ko fiye, yana da abin daidaita wuta a ciki, ya fi wanda aka rubuta wa 12V kawai. Philips da Osram duk suna yin T10 na LED, sai dai jabunsu ya yi yawa a kasuwa, don haka ka duba hatimin kwali da tsabtar rubutun.

Hukuncinmu: idan za ka sami mai kyau, sayi biyu ka canza hagu da dama tare, domin fari a gefe ɗaya da ruwan ɗorawa a ɗaya gefen yana sa mota ta zama kamar mai ciwon ido. Idan abin da ke shagon tarkace ne da ake zubawa a leda babu suna, sayi na gilashi ka tafi abinka, ba ka yi asarar komai ba.

Daga Funtuwa: "Na sa biyu da kaina. Ɗaya ya kama, ɗaya ya ƙi. Ina ƙoƙarin ciro shi ya suɓuce ya faɗa cikin fitila."

Wanda ya ƙi kamawa mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau. LED ta hanya ɗaya wuta ke bi a cikinsa, saɓanin na gilashi da ko ta ina ka cusa zai kama. Ciro shi, juya shi, gefen da ke hagu ya koma dama, ka mayar. Shi ya sa ake gwadawa tun soket yana waje a hannu: a cusa ƙwai, a kunna wuta a gani, a kashe, sannan a mayar da soket ɗin raminsa a murɗa ya kulle.

Faɗawar da ya yi kuwa alama ce cewa bai zauna daram ba. Gindin wasu LED ya fi na gilashi siranta. Kafin ka cusa, ɗaga wayoyin gefen kaɗan da farce su ɗan buɗe, ka ja ƙwan a hankali bayan ka sa shi, ka ji ya riƙe. Don ciro wanda ya faɗa, cire babban ƙwan fitilar domin raminsa ya fi faɗi, kada ka taɓa gilashinsa da yatsa. Nemi waya mai ɗan tauri, ka naɗa salatif a bakinta, gefen mai danƙo yana waje, ka haska da tocilan ka manno shi. Kada wayar ta goga madubin ciki, fentin azurfar nan yana ɗayewa da ɗan abu kaɗan kuma ba ya gyaruwa. Idan ya shige lungu, sai an kwance fitilar gaba ɗaya an kife ta. Kada ka bar shi a ciki yana yawo.

Wata Hajiya daga Kaduna mai Mercedes C-Class ƙirar W203: "Tun da yarona ya sa min LED, dashbod ke nuna cewa ƙwai ya mutu alhali yana ci. Wani lokaci kuma ina ganin yana ƙiftawa ko da a kashe."

Hajiya, motarki ba ta lalace ba. Irin waɗannan motocin, da BMW da Golf 5 da makamantansu, kwamfutarsu tana auna wutar da kowane ƙwai ke ja. Na gilashi mai wat 5 yana jan kusan amfiya 0.4. LED mai wat 1 bai kai amfiya 0.1 ba. Da kwamfuta ta ga wutar ta ragu haka, sai ta ɗauka zaren ƙwai ya tsinke. Ƙiftawar kuma gwaji ne: kwamfutar tana tura ɗan guntun wuta lokaci-lokaci don ta ji ko ƙwan yana nan. Zaren na gilashi ba ya samun lokacin yin zafi balle ya haska, LED kuwa nan take yake amsawa.

Mafita uku ce. Akwai LED da aka rubuta wa Canbus, wanda aka sa wa rezista a ciki, wato ɗan abin da ke shan wuta ya mai da ita zafi, don ya ja ƙarin wuta ya gamsar da kwamfuta. Yana yi a wasu motoci, a wasu ba ya isa, don haka a gwada a ƙofar shago, a tayar da mota, a jira minti biyu ko uku a gani kafin a biya. Ki sani cewa ƙarin wutar nan zafi take komawa a cikin ƙwan, kuma zafi ne ke kashe LED. Ta biyu ita ce mai wayarin ya ɗaura rezista a waje, tsakanin wayoyi biyu na soket. Ta uku, a wasu motocin ana iya shiga kwamfuta da na'ura a kashe gwajin wannan ƙwan.

Mu dai a wannan motar shawararmu ki mayar da W5W na gilashi. Yanke wayoyin Mercedes saboda ƙwan fakin bai cancanta ba, kuma barin gargaɗin yana ci a dashbod yana da haɗari, domin ranar da ƙwan birki ya mutu da gaske ba za ki lura ba.

Daga Gusau: "Camry ce 'yar Amurka. Na canza ƙwan gaba zuwa LED, yanzu sigina tana ƙiftawa da sauri kamar an kore ta."

Ɗan'uwa, abin da ka canza ba ƙwan fakin kaɗai ba ne. A motocin Amurka da yawa ƙwai ɗaya ke yin aiki biyu: zare mai rauni na fakin, zare mai ƙarfi na sigina. Lambobinsu 1157, 3157 ko 7443, sau da yawa da harafin A a ƙarshe, ma'ana ruwan lemo. Zaren siginar yana cin wat 21 zuwa 27. Da ka sa LED sai nauyin ya ragu, motar kuma an gina ta ne ta ninka saurin ƙiftawa idan ƙwan sigina ya mutu, don direba ya sani.

Idan motarka tana da rile na sigina da ake cirewa, wato ɗan akwatin da ke sa sigina ƙiftawa, yawanci a ƙarƙashin dashbod gefen direba, a canza shi da irin na LED mai ƙafafu daidai da nasa. Wannan ya fi tsabta, babu yankan waya. Idan aikin yana cikin kwamfuta ne, sai rezista mai om 6, wat 50, ɗaya ga kowane ƙwan da aka canza. Ana haɗa ta tsakanin wayar sigina da wayar as, wato wadda ke haɗe da jikin ƙarfen mota, ba wayar fakin ba. Wannan ka tsaya a kansa ka gani da idonka. Sigina tana ci ne tana hutawa, amma fakin yana iya yin awanni a kunne, kuma rezistar nan tana zubar da kusan wat 30 na zafi. A ɗaure ta da noti a jikin ƙarfen mota, nesa da roba da wayoyi. Wadda aka naɗe da baƙin tef aka bari tana lilo tana narkar da duk abin da ta jingina da shi.

Ƙari ɗaya: soket ɗin 3157 da 7443 iri biyu ne ta fuskar jeren wayoyi, akwai na yau da kullum akwai wanda ake kira CK. LED ɗin da bai dace ba yana iya ƙona fis da zarar an kunna. Idan haka ta faru, duba fis ɗin da aka rubuta wa TAIL, kuma ka tuna wutar baya ma a kansa take. Mayar da mai lamba ɗaya da wanda ya ƙone, kada a ɗaura waya a madadinsa.

Wani direban haya daga Katsina: "Sau uku ina sayen LED cikin shekara ɗaya. Yana farawa da rawa, sai wasu idanun su mutu, sai ya ɗauke."

Abu biyu za a bincika, kuma na farko ba ya cin kuɗi. A tayar da mota, a ɗora mita a kan batir. Ya kamata a ga tsakanin volt 13.8 da 14.5. Idan ya haura 15 yayin da aka taka totur, altaneta, na'urar da ke cajin batir, ita ce ke cika caji, kuma ba LED kaɗai take ci ba, batirinka ma yana dahuwa. Ko da caji daidai yake, ƙwan da aka yi wa lissafi a kan volt 12 cif, da 'yar rezista kawai a ciki, yana shan wutar da ta fi ƙarfinsa duk lokacin da inji ke aiki.

Na biyu zafi ne. A motoci da yawa ƙwan fakin yana zaune ne cikin gida ɗaya da babban ƙwan H4 mai wat 60 da 55, tazararsu ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. Ƙwan gilashi bai damu da wannan ba. LED kuwa dalmar da ta riƙe idanunsa, wato ƙananan ɗigogin da ke ba da haske, tana tsagewa saboda zafi da sanyi, shi ya sa yake fara rawa kafin ya mutu. Kai da kake kwana a hanya da babbar wuta a kunne, ga zafin Afrilu, ƙwai mai idanu ashirin da aka cunkusa a kan ɗan allo ba zai kai ka ko'ina ba. Nemi mai idanu kaɗan, mai jikin alminiyam ko tangaran, mai cin wat 1 ko ƙasa da haka. Ka leƙa cikin soket ɗin ma: idan ƙarfen ya yi kore ko robar ta yi baƙi, a kankare ko a canza shi, kuma a tabbata murfin robar bayan fitila yana nan don ƙura da ruwan wanki.

Wani matashi daga Maraɗi: "Shuɗi nake so. Kuma gaskiya ne LED yana rage shan mai da cin batir?"

Shuɗin ka haƙura da shi. Wutar gaban mota fara ce ko ruwan lemo, ja ta baya ce, shuɗi kuma an san shi da motocin jami'an tsaro da na agaji, zai jawo maka tsayawa a shingen hanya. A cikin hazon hunturu ma ba a hango shi da kyau. Lambar da ke ƙarewa da K a kwali ita ce launi: 4000K zuwa 4300K fari ne mai ɗumi da ke tafiya da babbar wuta ta halojin, 6000K fari ne tas, 8000K ya fara komawa shuɗi. Idan gilashin fitilar ruwan lemo ne, sa LED ruwan lemo, domin fari a bayansa yana fitowa a koɗe.

Mai kuwa ba za ka ga bambanci ba ko kaɗan. Batir akwai ɗan sauƙi, amma yi lissafin. Idan ka kunna fakin, a yawancin motoci ƙwai shida ne ke ci: biyu gaba, biyu baya, biyu a kan lamba, wat 30 ke nan, kusan amfiya 2.5. Canza na gaba kaɗai yana rage wat 8 ne cikin 30. Idan ka manta wuta a kunne awa goma, batir mai 60Ah zai rasa kusan 18Ah maimakon 25Ah, kuma in ya tsufa, da safe sai an tura.