Tambayi Likita: Jijiyar ƙafar mahaifina ta sake tsukewa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana da shekara 67, yana fama da ciwon suga, kuma ya daɗe yana shan taba. Bara aka buɗe masa jijiyar jinin cinyarsa ta hagu da balan-balan, ya samu sauƙi. Bayan wata tara ciwon ya dawo: da ya ɗan taka sai sha-raɓarsa ta ɗaure, dole ya tsaya ya huta. Likitansa ya ce jijiyar ta sake tsukewa, za a maimaita aikin da balan-balan mai magani a jiki. Mene ne bambancinsa da na farko? Na kuma ji an ce maganin yana da haɗari, hankalina ya tashi. Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.

Abin da ya faru da shi ba baƙon abu ba ne, kuma ba ya nufin an yi kuskure a aikin farko. Lokacin da aka hura balan-balan a cikin jijiya, yana danne kitsen da ya cushe hanyar, amma yana ɗan yaga bangon jijiyar ta ciki. Jiki kuwa bai san an yi don taimakonsa ba, rauni kawai ya gani. Sai ya shiga ɗinkewa, ƙwayoyin naman bangon su yi ta hayayyafa, tabo ya yi kauri ta ciki har hanyar ta sake matsewa. Jijiyar cinya da ta bayan gwiwa sun fi yin haka, domin kullum cikin lanƙwasuwa da murɗuwa suke.

Sabon balan-balan ɗin an shafe bayansa da magani, galibi paclitaxel, wanda asalinsa maganin ciwon daji ne, aikinsa hana ƙwayoyin halitta rarrabuwa. Ana yin allurar kashe zafi a matsematsi, a zura siririyar waya har wurin da ya tsuke, a fara buɗe shi da balan-balan na yau da kullum. Sannan a shigar da mai maganin, a hura shi, a bar shi manne da bango kamar minti biyu zuwa uku, a sace iskar a zaro shi. Maganin ne kaɗai ke zama a bangon na tsawon makonni yana rage kaurin tabo. Abin da na fi so game da shi ke nan: ba a barin ƙarfe a wurin da ƙafa ke lanƙwasawa, sai in bangon ya tsage sosai har ya buƙaci a tokare shi da 'yar ragar ƙarfe.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta fara amincewa da shi don jijiyoyin ƙafa a 2014. A wani babban gwaji mai suna IN.PACT SFA, bayan shekara guda jijiyar tana nan a buɗe ga kusan kashi 82 cikin 100 na waɗanda aka yi wa da mai magani, kashi 52 kuma ga waɗanda aka yi wa da na yau da kullum.

Maganar haɗari da kika ji tana da tushe, ba zan ɓoye miki ba. A Disamban 2018 wani nazari da ya tattara gwaje-gwajen baya ya nuna kamar mace-mace sun fi yawa bayan wasu shekaru ga waɗanda aka sa wa paclitaxel. Likitoci da yawa suka ja baya. Aka ci gaba da bibiyar marasa lafiya, har a Yulin 2023 FDA ta ce bayanan da aka tara ba su tabbatar da ƙarin haɗarin mutuwa ba. Sai dai wani babban bincike daga Siwidin da ya fito a 2025 ya nuna cewa amfani da paclitaxel bai rage yanke ƙafa ba ga masu cutar da ta yi tsanani. A ganina, amfaninsa na zahiri shi ne jinkirta sake tsukewa da rage komawa ɗakin aiki. Ga wanda jijiyarsa ta riga ta koma sau ɗaya kamar Baba, shawarar likitansa tana kan hanya.

Amma ina roƙonki, ki zauna da Baba kan maganar taba. Ita ce ta fi komai saurin mayar da hannun agogo baya. Ya riƙe magungunan hana daskarewar jini, irin su asfirin ko clopidogrel, da na rage kitse, kada ya daina don ya ji sauƙi. A kula da sugan. Ya riƙa tafiya, in ciwo ya matsa ya huta ya ci gaba, kamar minti 30 aƙalla sau uku a mako. Ki sanar da likita idan yana da matsalar ƙoda, saboda ruwan da ake sa wa a jijiya don ɗaukar hoto.

Kowane dare ki duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu. In kika ga gyambon da ya ƙi warkewa, ko ciwo yana hana shi barci alhali yana kwance, ku koma wurin likita ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba. In kuwa ƙafar ta yi sanyi farat ɗaya, ta koɗe, ko ya daina jin ta, ko ya kasa motsa ta, a kai shi asibiti a cikin wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.